Yayana ya karɓi CAR-T, zazzaɓi ya rufe shi, yanzu suna maganar siteroid, dan Allah a fahimtar da ni

Auta_mai_jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya san harkar nan ko ya taɓa jinyar wani a kanta ya taimaka min, a bakin gadon yayana nake wannan rubutun kuma kaina ya ɗaure gaba ɗaya.

Yayana limfoma ke damunsa, wato kansar kaluluwa, irin mai saurin girma ɗin nan ta ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. An yi masa kimo ta lafa, ta dawo, aka canza wani kimon ta sake dawowa, shi ne likitocinsa suka ce a gwada CAR-T, maganin da ake gyara ƙwayoyin garkuwar mutum da ake kira ƙwayoyin T a mayar masa su yaƙi kansar. Aka jona shi da na'ura wajen awa huɗu tana tace jininsa tana ware ƙwayoyin T ɗinsa, aka tura su inda ake gyara su, muka yi kusan sati huɗu muna jira kullum gabanmu na faɗuwa saboda kaluluwar wuyansa ƙara girma take a kan idonmu. Da suka iso sai aka yi masa wani kimon na kwana 3, ya huta kwana biyu, sannan aka ɗura masa su. 'Yar jaka ce ƙarama, ko minti talatin ba a yi ba ta ƙare.

Ranar farko lafiya lau har yana waya da yaransa. Daren kwana na biyu ne ya fara rawar ɗari, haƙoransa na haɗuwa har ina jin ƙararsu, na lulluɓe shi da bargo biyu bai daina ba, nas ta auna ta ga 39.4. Nan take suka ɗebi jini a hannu da kuma ta layin da ke ƙirjinsa, suka rataya antibayotik, suka ba shi farasitamol. Zazzaɓin ya ɗan sauka ya sake hawa har 40. Jiya da rana kuma BP ɗinsa ya faɗi, na gani da idona a allon 86 bisa 50, suka ƙara masa ruwa da sauri, suka sa masa 'yar robar oksijin a hanci lita 2, likita ta zo ta ce wannan shi ne CRS ɗin da aka yi mana bayani, wato tashin garkuwar jiki fiye da kima bayan CAR-T, kuma ya kai mataki na biyu, aka ba shi wani magani tosilizumab ta jijiya na awa ɗaya. Wallahi cikin 'yan awanni jikinsa ya yi sanyi BP ya dawo, na ce Alhamdulillah an wuce wurin. To yau da asuba zazzaɓin ya dawo, BP ya sake yin ƙasa, an ƙara masa tosilizumab ɗin karo na biyu kuma yanzu sun ce in bai daidaita ba za su fara deksametason, wanda siteroid ne.

Nan ne hankalina ya tashi. Tun kafin a kwantar da mu an ja mana kunne kada ya kuskura ya sha siteroid ko wane iri saboda yana danne ƙwayoyin T, to yaya kuma yanzu su da kansu za su ba shi? Ba zai kashe ƙwayoyin da muka yi wata guda muna jira ba? Wannan ce fa damarsa, ba wata jakar da aka ajiye masa. Sannan in dai ba ƙwayar cuta ba ce ta kawo zazzaɓin me ya sa suke ta ɗura masa antibayotik? Kuma akwai abin da ke ba ni mamaki, safe da yamma nas sai ta zo da takarda ta ce ya rubuta jimla ɗaya, ta tambaye shi wace shekara muke, ta nuna masa agogo da biro ta ce ya faɗi sunansu, mutumin da ko zama da ƙyar yake yi. Na tambayi likitar ta yi min bayani amma da sauri, ni kuma kwana biyu ban yi barci ba, rabin abin ya wuce ni.

Mai_haƙuri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Ni dai abin da na karanta shi ne zazzaɓin nan alama ce mai kyau, yana nufin ƙwayoyin sun kama aiki suna cin kansar, kuma iya zafin zazzaɓi iya aikin da suke yi. In ni ne zan roƙe su su ɗan ƙara haƙuri da siteroid ɗin nan, a bar jikin ya yi yaƙinsa, tunda dai ana ba shi ruwa da oksijin ai zai jure.

Sista_ta_dare ta rubuta:

Malam Mai_haƙuri na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma dan Allah kar ta bi wannan shawarar. Auta ki saurare ni, ni nas ce a sashen cututtukan jini kuma irin waɗannan majinyatan nake kwana da su.

Gaskiya ne zazzaɓi yana nuna ƙwayoyin sun farka suna ninkuwa, amma ba a auna nasarar maganin da tsananin wahalar da mutum ya sha. Na ga wanda zazzaɓi kaɗan ya yi na kwana ɗaya kuma hotonsa ya fito fes, na ga wanda ya kwana a ICU. Abin da ya fi jawo CRS mai tsanani shi ne yawan kansar da ke jikin mutum lokacin da aka ɗura ƙwayoyin, da kuma irin CAR-T ɗin da aka ba shi, wasu suna tashi da wuri cikin kwana biyu uku wasu sai an kai sati. Mutumin da BP ɗinsa ke 86 bisa 50 ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa ba sa samun jinin da ya ishe su, wannan ba abin da za a ce a jure ba ne.

Bari in warware miki matakan don ki riƙa gane abin da suke faɗa in sun zo zagaye. Tun 2019 yawancin asibitoci ma'auni ɗaya suke bi, na ƙungiyar ASTCT ta Amurka, kuma abu uku kawai yake kallo, zazzaɓi da BP da numfashi. Mataki na 1 zazzaɓi ne daga digiri 38 zuwa sama ba wani abu. Na 2 shi ne BP ya faɗi amma ƙarin ruwa na ɗaga shi, ko mutum na buƙatar oksijin ta robar hanci wanda bai wuce lita 6 a minti ba, nan yayanki yake. Na 3 sai an sa maganin matse jijiya guda ɗaya don riƙe BP, irin su noradirenalin, ko oksijin mai ƙarfi ta takunkumin fuska. Na 4 magungunan riƙe BP sun wuce ɗaya ko an kai ga na'urar da ke tura iska cikin huhu. Duk abin da likitocinsa ke yi yanzu don kar ya tsallaka daga 2 zuwa 3 ne. Kuma ki lura, da zarar an ba da tosi, wato tosilizumab ɗin, ko siteroid zazzaɓi yana iya ɓacewa alhali CRS ɗin na nan, shi ya sa daga nan BP da oksijin muke bi, ba tamomita kaɗai ba.

Wani abu da masu jinya ke yawan tambayata, me ya sa ba za a yi ta ƙara ruwa kawai ba tunda yana ɗaga BP. A wannan yanayin ƙananan jijiyoyin jini yoyo suke yi, ruwan da muka ɗura ba ya zama a cikinsu, fita yake ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Za ki ga safa ta yi shati a ƙafarsa, zobe ya matse yatsa, nauyinsa ya ƙaru cikin kwana ɗaya, shi ya sa muke auna shi kullum muna kuma auna fitsarinsa. In aka ba da ruwa sau ɗaya sau biyu bai riƙe ba gara a koma wani maganin da a cika masa huhu.

Maganar antibayotik kuwa, kimon kwana ukun nan da aka yi masa, fludarabin da saiklofosfamaid, ya kwashe masa fararen ƙwayoyin jini, yanzu kusan ba shi da mai gadi. Zazzaɓin CRS da na ƙwayar cuta a jini kamarsu ɗaya sak, rawar ɗari ɗaya, faɗuwar BP ɗaya, ba likitan da zai kalle shi da ido ya rantse wanne ne, kuma sakamakon jinin da aka ɗiba sai ya kwana ɗaya biyu kafin ya nuna. Mai ƙarancin fararen ƙwayoyi in ƙwayar cuta ce awanni kaɗan sun isa su yi ɓarna. To sai a yi maganin duka biyun lokaci guda, in jinin ya fito ba komai sai a duba a rage. Wani lokacin ma duka biyun ne a tare.

Takardar rubutun kuma ki riƙe ta da muhimmanci, kar ki ga kamar takura masa ake. Akwai matsala ta biyu da ke biyo bayan CRS wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa, ICANS ake ce mata, kuma sau da yawa a rubutu da magana take fara nuna kanta tun kafin mutum ya rikice. Gwajin maki 10 ne. Shekara, wata, gari, sunan asibiti, maki 4. Sunan abu uku, maki 3. Bin umarni ɗaya kamar ɗaga yatsu biyu, rubuta jimla, da ƙirga daga 100 a koma baya goma goma, kowanne maki ɗaya. Jimla ɗaya muke sa shi ya maimaita a takarda ɗaya layi bayan layi don a ga ranar da hannun ya canza. Ke da kika san shi tun kina yarinya kin fi mu saurin ganewa, in kika ga yana laluben kalma, ko ya kira abu da sunan da ba nasa ba, ko hannunsa na karkarwa, ko barci ya yi masa nauyi da ƙyar ake tashinsa, danna ƙararrawa, kar ki jira lokacin zagaye.

Likitan_jini ya rubuta:

Sista ta gama magana a kan gado, ni bari in taɓa tambayarki ta farko don ita ce ke hana ki barci, kuma tsoron naki yana da tushe, mu ma likitoci mun daɗe da shi.

Ki fara gane daga ina wutar take tashi. Ƙwayoyin T ɗin da aka gyara an dasa musu wani makami da ke gane alamar CD19 a jikin ƙwayoyin B. Da suka shiga suka tarar da kansa sai suka hau kisa suna ninkuwa, suna kuma sakin sinadaran kiran taimako da ake kira saitokin. Kiran nan yana tayar da wasu ƙwayoyin garkuwa na asali da ke jikinsa, monosait da makrofej, kuma bincike a kan ɓeraye da aka wallafa a 2018 ya nuna su ne ke zubo mafi yawan IL-6 da IL-1, sinadaran da ke kawo zazzaɓin da yoyon jijiya da faɗuwar BP. Wato masu kashe kansar daban, masu yawan hura wutar daban. Wannan bambancin shi ya ba mu ƙofa. Tosilizumab yana toshe wurin da IL-6 ke sauka ne, bai taɓa ƙwayoyin CAR-T ɗin ba, suna ci gaba da aikinsu.

Yadda aka gano shi ma abin a sani ne. Asalinsa maganin ciwon gaɓoɓi ne, Actemra. A 2012 a asibitin yara na Filadelfiya aka ba wata yarinya 'yar shekara 6 mai sankarar jini CAR-T, ita ce yarinya ta farko, ta shiga mawuyacin hali har na'ura ke yi mata numfashi, kuma siteroid bai kashe wutar ba. Da aka auna jininta aka ga IL-6 ya yi tashin da ya wuce misali. Carl June, wanda ya jagoranci ƙirƙirar maganin a jami'ar Pennsylvania, ya san tosilizumab saboda 'yarsa na fama da ciwon gaɓoɓi na yara. Aka ba yarinyar, ta farfaɗo. Shi ya sa a watan Agusta 2017 ranar da hukumar FDA ta Amurka ta amince da Kymriah, CAR-T na farko, a ranar ta amince da tosilizumab don CRS, kuma har zuwa 2025 ta wajabta wa duk asibitin da ke wannan aikin ya tanadi allura biyu ga kowane majinyaci kafin a ɗura masa ƙwayoyin.

To siteroid fa? Shi ba ya zaɓe, kowa yake dannewa, har da ƙwayoyin T, shi ya sa aka hana ku shi kafin a kwashi ƙwayoyin da lokacin da ake son su kafu. A shekarun farko an ga wasu masu sankarar jini da aka ba siteroid mai yawa ƙwayoyinsu suka ragu, sai kowa ya riƙa jan ƙafa har sai mutum ya kai gargara. Da aka tara majinyata da yawa sai aka ga ɗan gajeren deksametason da aka ba da a kan lokaci bai hana maganin cin kansar ba, kuma masu kaiwa mataki na 3 da na 4 sun ragu da aka daina jinkiri. Har an gwada ba da deksa, wato deksametason ɗin, tun ranar da aka ɗura Yescarta, wani nau'in CAR-T, da kwana biyu bayanta don rigakafi. Inda damuwa ta rage shi ne siteroid mai yawa na tsawon lokaci, wannan kam akwai bayanan da suka danganta shi da sakamako mara kyau da kuma kamuwa da cututtuka, shi ya sa ƙa'idar ita ce a ba da abin da ya isa, a janye da zarar an samu sauƙi. Ki tuna kuma a yanzu ƙwayoyin da ke jikin yayanki sun ninka abin da ke cikin 'yar jakar nan nesa ba kusa ba, zazzaɓin da kike gani shaidar hakan ne.

Mutumin da aka ba tosi sau biyu BP na ci gaba da sauka, ƙara deksa shi ne abin da aka saba yi, ba alamar an rasa yadda za a yi ba ce. Yawanci miligiram 10 ake farawa da shi, a maimaita gwargwadon hali har zuwa duk awa 6. Tosi kuma ana ba da miligiram 8 ga kowane kilo na nauyin mutum, ba a wuce 800 a allura ɗaya, tsakanin allura da allura aƙalla awa 8, gaba ɗaya ba a wuce huɗu. In duk wannan bai yi ba akwai sauran hanyoyi, metilfirednisolon mai ƙarfi, anakinra da ke toshe IL-1, siltuksimab da ke kama IL-6 ɗin kansa. Ban ga yayanki ba, waɗanda ke kansa su ne da hukunci, amma abin da kika bayyana ya yi daidai da yadda ake yi. Gobe in sun zo ki tambaye su kai tsaye, kwana nawa suke shirin ba shi, da me za su gani su fara ragewa. Tambaya ce da kowane likita zai ji daɗin amsawa.

Auta_mai_jinya ta rubuta:

Na gode Sista, na gode Likita, Allah ya saka da alheri, wallahi sai yanzu numfashina ya dawo. An fara deksan tun jiya da rana, BP ya tsaya, an cire oksijin da safen nan. Amma ga wani sabon abu. Jimlar da yake rubutawa ita ce sunayen yaransa uku da cewa yana son su, kullum tsaf yake rubuta ta, yau da yamma sai haruffan suka ƙanƙance suna hawa kan juna, sunan ƙaramar ya rubuta rabi ya tsaya yana kallon biron. Nas ta nuna masa kofi ya buɗe baki ya kasa, sai cewa yake abin nan, abin nan, na ga idonsa ya ciko don ya san ya sani. Maki 7 ya samu. Sun kira likita, sun ce za su ci gaba da deksan su ƙara yawan dubawa, an kuma fara masa maganin hana jijjiga. Na ce ba za a ƙara tosin ba tunda shi ya yi aiki da farko, suka ce a'a. Me ya sa? Kuma sukarinsa ya hau har an yi masa insulin alhali ba shi da ciwon suga.

Likitan_jini ya rubuta:

Sannu Auta, wannan ita ce ICANS ɗin da Sista ta faɗa miki, maki 7 zuwa 9 mataki na 1 ne, kuma kin ga amfanin takardar. Dalilin da ba za su ƙara tosi ba shi ne ƙwayar sinadarin maganin babba ce, ba ta iya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa sosai, sannan da yake ta toshe masaukin IL-6 sai shi IL-6 ɗin ya ƙaru a cikin jini na ɗan lokaci. Saboda haka in matsalar ƙwaƙwalwa ce kaɗai ba CRS a tare da ita, deksametason ne maganin don shi yana shiga. Mafi yawan masu ICANS suna dawowa daidai cikin kwanaki, amma tana iya tsananta da sauri shi ya sa za ki ga ana tashinsa cikin dare ana masa tambayoyi, ƙila su yi hoton kai ko gwajin motsin lantarkin ƙwaƙwalwa don su tabbatar ba wani abu ba ne. Kar ki ba shi abin sha ko abin ci in yana cikin magagi sai nas ta duba haɗiyarsa.

Sugan aikin deksa ne, zai sauka in an janye. Zai iya hana shi barci ko ya sa shi saurin fushi, wannan ma shi ne. Abu ɗaya da nake so ki riƙe, tosi da deksa duk suna ɓoye zazzaɓi, tosi har gwajin CRP mai nuna kumburi a jiki yake saukarwa, to jiki ba zafi ba ya nufin ba ƙwayar cuta. Sabon tari, ciwon ciki, ja ko zafi a bakin layin ƙirjinsa, duk ki faɗa. Za ki kuma ji suna bin gwajin jini na feritin da fibirinojin da na hanta kullum, suna sa ido ne kan wani nau'in kumburin da kan biyo baya a wasu mutane kaɗan, mai kama da cutar da ake kira HLH, wanda shi ma da an gan shi da wuri akwai maganinsa.

Baban_biyu ya rubuta:

Ƙanwata ni ta ɓangaren mai gadon zan yi miki magana. Mayeloma nake da ita, wata kansar ɓargo, nawa CAR-T ɗin alamar BCMA yake nema ba CD19 ba, kuma zazzaɓina bai zo ba sai da na yi kusan sati har na fara tunanin ƙwayoyin ba su kama ba. Da ya zo kuwa kowace gaɓa ta jikina sai da ta amsa, tosi ɗaya da deksa na kwana biyu aka yi min. Kalmomi ma sun ɓace min na kwana ɗaya da rabi, kuma abin da nake so ki sani shi ne ina jin duk abin da ake faɗa, ina gane matata, kalmar ce kawai in na miƙa hannu sai ta gudu. Abin da ya fi min ciwo shi ne masu ƙarasa min magana da masu magana a kaina kamar ba na wurin. Abin da ya fi kwantar min da hankali kuma matata ce da take riƙe hannuna tana cewa likita ya ce zai wuce, ba sai ka yi magana ba. Ki yi masa haka, ki rage masu shigowa da hayaniyar waya.

In an sallame ku akwai kati da za su ba shi mai bayanin cewa ya karɓi CAR-T da lambar da za a kira, ya zauna a aljihunsa ko yaushe, duk asibitin da kuka shiga shi za ku fara nunawa don ba kowane likitan gaggawa ne zai kawo CRS a ransa ba. Za su ce ku zauna kusa da asibitin na wasu makonni kuma kar ya tuƙa mota sai sun ba da izini, ku bi adadin da suka faɗa muku. In zazzaɓi ya kai 38 a gida kar ki ba shi farasitamol ki ce bari mu gani zuwa safe, ki kira su tukuna, kuma ibufurofen da danginsa ni an hana ni saboda ƙoda da ƙarancin filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Jinina ya daɗe bai cika ba, watanni ina karɓar ƙarin garkuwa ta jijiya, shi ma da yake ƙwayoyin nasa ba sa bambance B mai kansa da B mai lafiya ƙila ya buƙaci hakan, kar ya ba ki tsoro in sun faɗa.

Mai_haƙuri ya rubuta:

Na janye maganata, Auta ki yafe min, rabin bayani na karanta na zo na faɗa. Sista na gode da gyara. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Auta_mai_jinya ta rubuta:

Ba komai Malam, ni ma abin da ke raina ke nan a daren. Baban_biyu na yi yadda ka ce, na daina ƙarasa masa magana, na kuma ce wa 'yan'uwa su dakata da kiran bidiyo.

Yau kwana 9 da ɗura ƙwayoyin. Shekaranjiya ya sauka har maki 5 suka ƙara yawan deksan aka yi hoton kai ba a ga komai ba, jiya ya dawo 8, yau da safe 10, sunayen yaran uku sun fito cikakku duk da hannun bai gama daidaita ba, layin yana ɗan gangarowa ƙasa. Nas ta bar ni na ɗauki hoton takardar daga layin farko har na yau. Sun fara rage deksan, sun ce in ya ci gaba haka jibi za a tsayar. Jinin da aka ɗiba ba a samu ƙwayar cuta ba, amma fararen ƙwayoyinsa har yanzu suna ƙasa sosai don haka ba maganar sallama tukuna. Kaluluwar wuyan da nake ta taɓawa kullum ta yi laushi ta ragu, na faɗa wa likita ta ce ta gani ita ma amma ba za ta ce komai ba sai an yi hoton PET mai nuna ko kansar na nan wajen kwana 30. Sista in kina nan, feritin ɗinsa ya fara sauka amma filatilet na ƙara yin ƙasa, an ce gobe za a ƙara masa, akwai abin da zan riƙa lura da shi cikin dare ban da jinin hanci da na dasashi?